Jinin da Aka Aro

"Kalli nan da kyau, Tahani."

Nawaf, ɗan baffana, ya naɗe hannun riga a matattakalar gidanmu da ke unguwar Shisha a Makka. A lanƙwasar hannunsa akwai ɗan tabon allura.

"Sai aka yi yaya? Matsa min in wuce!"

"Gwajin da aka ce angonki ya tsallake... jinina aka ɗiba."



Abba bai taɓa son Muttaka, wanda zan aura, ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, aikinsa gyaran tantuna a Mina. Da na nace, sai ya kafa sharaɗi ɗaya: a gwada jini. Ina ɗauke da sikila a ɓoye, kuma ita ce ta kashe ƙanwata Yalwa tana ƙarama. In shi ma yana ɗauke da ita, babu aure. Nawaf aka sa ya raka shi, shi ne kuma ya dawo ya ce lafiya lau.

"A ƙofa suka nemi iƙama, ya kama rawar jiki," in ji Nawaf yana murmushi. "Sai na miƙa nawa hannun. Kin ga ashe jinin da ya dace da naki nawa ne, habibti."

Munafuki! Ya taimaka ne don ya samu abin karya mu.

Ban koma ciki ba, tasi na tara.

Wanda bai ga Mina ba a lokacin da ba aikin Hajji ba zai gane ba. Fararen tantuna iya ganinka, babu mutum ko ɗaya. Ga rana tsaka, amma tsigar jikina sai tashi take. Iska na shiga tantunan tana fita, suna kumbura suna lafawa kamar masu numfashi.

A nan muka haɗu bara, ina yi wa alhazan Sin da Japan tafinta, shi yana dakon kayansu. Kullum sai ya tare ni.

"Malama, yau wace kalma zan samu?"

Na ce masa mutanen Sin suna haɗa jini da gumi su kira aikin wahala. Ya ce to sunansa ke nan. Na ce Japanawa suna cewa idon jini ga wanda ya haukace da neman abu. Ya ce haka yake nemana cikin taro. Bature kuwa in ya ce mummunan jini, gaba yake nufi.

"Mu dai farin jini muka sani, kuma ke kika kwashe shi duka," ya ce. Ranar na kasa cin abinci don daɗi.

Yanzu kuwa ina ratsa layukan ina kiran sunansa, sai na ji wani nishi siriri daga cikin wani tanti. Irin nishin Yalwa in ciwon ƙashi ya tashi, sak! Na ɗaga labulen.

Babu kowa. Katifu ne jibge.

Nishin ya koma tantin gaba.

"Ya albi! Me kike yi a nan ke kaɗai?"

Muttaka ne, igiya a kafaɗa. Yana ganin fuskata ya sauke ta.

"Jinin wa aka ɗiba?"

Ya kawar da kai.

"Muttaka, jinin wa?"

"Tsoron kamu na ji, Tahani. In suka riƙe ni, sai dai ki ji an mayar da ni Maraɗi..."

"To mu je wani wuri a gwada. Yau! Zan san yadda zan yi."

Ya girgiza kai. Idanunsa sun yi jajur.

"Ba sai an gwada ba. Na sani tun ina gida. Ina ɗauke da ita. Ƙannena biyu ta ɗauke."

Innalillahi... Nishin ya sake tashi, wannan karon a bayanmu, kusa sosai. Na ga ya runtse ido.

"Kai ma kana ji?"

"Tun ranar da aka sa mana rana nake ji," ya ce a hankali. "Na ɗauka nawa ne. Amma ƙannena maza ne, wannan kuwa muryar mace ce."

"Yalwa ce."

"Ko kuma wadda za mu haifa."

Na fashe da kuka. Ina son mutumin nan kamar raina, ba na jin kunyar faɗa. Ya durƙusa a kan tsakuwa.

"Ba dole ba ne ta zo da ciwon, ya ruhi. Wasu suna tsira. Mu dogara ga Allah!"

"Ni na riƙe ƙafafun Yalwa tana ihu, Muttaka. Ni na ji sun daina motsi. Ba zan yi caca da 'yar da ba ta roƙe ni in haife ta ba."

"Shi ke nan?"

"Halas."

Ina faɗin haka, wurin ya yi tsit. Tantunan ma suka daina motsi. Na zare zobensa na ɗora a kan igiyar, na tafi ban waiwaya ba.

A ƙofar gida na tarar da Nawaf, ya sha sabon turare.

"To, ya ake ciki?"

"Jininka ya dace, halinka ne ruɓaɓɓe. Gara in tsufa a ɗakin Umma."

Na shiga falo. Umma na zaune da ƙawarta Hure, suna kwaɓa lallen biki suna dariya. Umma ta ɗago ta kalle ni. Ba ta tambaye ni komai ba, ta san fuskar da nake yi in na dawo daga rashi.

Ta ɗauki faranti ta rufe kwanon lallen.