Kunun Jegon Surayya

Da hantsi rahoto ya iso caji ofis na Anka cewa Surayya, wata mai jego a Dareta, ta rasu ko arba'in ba ta yi ba. Sufeto Zayyad ba ya son aikin Dareta, don tun shekarar da gubar dalma ta kashe yara a garin, da wuya ya shiga gida bai tarar da gurbin yaro ba.

Ya fara biyawa asibiti. Dorothy, nas ɗin da ta duba ta, ta ce, "Amai da murɗar ciki, leɓɓanta sun yi shuɗi. Dalmar da ke jininta ta wuce ta shaƙar ƙura, Sufeto. Ci ta yi."

A Dareta, mijin, Mainasara, yana zaune a zaure ana karɓar gaisuwa.

"Har yanzu kana aikin zinari?" in ji Zayyad.

"Na bari tun da munka rasa ɗanmu na hwari. Gero nike nomawa."

Zayyad ya dubi yatsun Mainasara da ruwan wanke zinari ya zaizaye. Gero dai ba ya yi wa hannu haka.

A cikin gida ya sami Inna Hure, uwar mijin, da jariri a cinya.

"Me take ci, Inna?"

"Kunun kanwa, kamar kowace mai jego. Ni ka dama mata."

"Kanwar fa?"

"Kasuwa nis sawo," in ji ta, idonta a ƙasa.

Aka kawo tukunyar kanwar. Farin gari ne mai ƙyalli kamar sukari. Zayyad ya barbaɗa kaɗan a garwashi, ya yi ta fashewa, wuta ta taso, jan hayaki mai shaƙe maƙogwaro ya tashi. Gishirin dalma ne na masu wanke zinari, yana zuga wuta, yana kashe wanda ya ci.

"Inna, ba a sayar da wannan a layin kanwa."

Tsohuwar ta fashe da kuka. "Tawa ce taƙ ƙare. Nig gane ta ƙarƙashin gado, har nis sa mai albarka, cewa nike ya tanadar ma matatai."

Mainasara yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya durƙushe.

"Ni na aje shi. Mai gari ya hana shigowa da kayan zinari gida, na kuwa san masu dubawa ba su shiga ɗakin mai jego."

"Yaushe ka gane?"

"Randa tah hwara amai, nig ga tukunya ta ragu. Tsoro yah hana ni hwaɗi."

Wannan shirun ne ya fi ƙona wa Zayyad rai, don da ya yi magana, da wataƙila an cece ta. Ya sa masa ankwa, suka nufi mota.

Inna Hure ta biyo su har zaure, ta kwantar da jaririn a tabarma, ta miƙo hannayenta biyu.

"Ni hwa, Sufeto? Ni ce na ba ta."

Zayyad ya sunkuya ya ɗauki yaron, ya ɗora mata a kan hannayen. "Riƙe shi, Inna. Ba shi da kowa sai ke."