Yatsun Mai Cafe Ƙwallo

Can da daɗewa a Japan, an yi wani mai cafe ƙwallo a wasan bugun ƙwallo da sanda. Kullum yana tsugune bayan mai sanda, yana nuna wa mai jifan ƙungiyarsu irin jifan da zai yi, da yatsu, a ɓoye. In mai sanda ya kuskure, sai a tafa wa mai jifa. Kullum mai jifa.

Rannan mai cafe ƙwallon ya ce, "Yau sai an san mai dabarar." Ya ɗaga yatsu biyu sama, alamar jifan da za a yi. 'Yan kallo suka gani. Mai sanda ma ya gani, ya ce, "Na gode, abokina," ya maka ƙwallon bayan katanga.

Daga nan mai cafe ƙwallon ya koma ɓoye yatsunsa, ƙungiyarsu ta yi ta cin wasa har ya tsufa, ba a taɓa tafa masa ba. Wannan ba daidai ba ne. Yara, ku tashi ku tafa.