Hangara a Gonar Rabi

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina. Ku amsa mini ta zo mu ji ta, ku matso kusa.

Wata safiya a Droum, Rabi ta je gona ta tarar an yanke mata kan gero tun yana tumu. Ita ta riga kowa shuka, gonarta kaɗai ta fid da kai a lokacin.

Mai Nasara, ƙanin marigayi mijinta, ya ce ai Ɗanladi ne, baƙon da mai gari ya ara wa gona kusa da tata. Mai gari ya ce in ta tabbata zai karɓe gonar. Ɗanladi kuwa da ita yake ci da iyalinsa.

Kashegari jandarma Alkasum ya zo daga Zinder. Bai tambayi kowa ba sai da ya zaga gonar. Kan geron da ya rage cike yake da hangara, ƙwaron nan ja da baƙi mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Kyau kam akwai shi, amma kyan nan gargaɗi ne, ko tsuntsu ba ya cinsa. In ya murje a jikin mutum, ruwansa sai ya ta da bororo.

Alkasum ya duba murhun wata Talatu mai gasa tumun sayarwa, babu ko ƙaiƙayin gero. Ya sa Ɗanladi ya tuɓe riga, fatarsa sumul. Sannan ya juya ga Mai Nasara, wanda ya naɗe wuya da rawani yana ta gumi.

"Malam, zazzaɓi kake?"

"Mura ce, yallaɓai."

"Allah ya sawwaƙe. Akwai hangara a gonarka?"

"Ina! Nawa geron ko kai bai fitar ba."

"To kwance rawanin."

Daga wuya har kafaɗa bororo ne reras, daidai inda ake ɗora dami. Alkasum ya ce hangara kan gero take bi, kan gero kuwa gonar Rabi kaɗai ke da shi. Mai Nasara ya sunkuyar da kai. Ashe gonar aron nan yake so a kori Ɗanladi a ba shi.

An sami tumun a rumbunsa, ya rama wa Rabi da nasa geron da kaka ta yi. Ɗanladi yana nan yana noma gonarsa. Alkasum ya koma Zinder. Mai Nasara kuwa tabon bai bar wuyansa ba har yau.