Layi Huɗu da Kausar Ta Rubuta

Wata uku Abdulbaƙi yana karɓar saƙonnin aiki daga sashen mata kafin ya ga mai turo su. A bakin lifta ne, a ofishin wani kamfanin masaukin alhazai da ke unguwar Aziziyya a Makka. Katinta ya faɗi, ya ɗauka, ya ga sunan.

"Ke ce Kausar Sabo? Mai cika ni da gyare-gyare?"

"Kai ne Basakkwacen da ba ya taɓa komai sai ya gwada?" ta ce da Hausarta mai gardin Larabci. "Yalla, ba ni katina."

Ya ba ta, amma bawan Allah har la'asar bai san me yake bugawa a kwamfuta ba.

Shi ne mai kula da rumbun bayanai, inda sunan kowane baƙo da lambar ɗakinsa suke. Ita kuma haifaffiyar unguwar Shisha ce a nan Makka, tana rubuta manhaja. In ana son gyara, sai ta rubuto gajeren umarni, shi kuma ya kunna shi da hannu, farko a rumbun gwaji, sannan a na gaske. Sannu a hankali saƙonnin suka daina tsayawa a kan aiki.

"'Yar Makka, kin ci abinci?"

"Na ci, ya galbi, zuciyata. Jumma'a ka zo ka gai da Abuya." Haka take kiran mahaifinta.

Bai kai Jumma'ar ba. Ranar Laraba, cikin azumin 2017, ta rubuto masa a gigice: "Sunaye sun maimaitu, motoci sun baro Jidda. Ga layi huɗu, kunna yanzu don Allah."

A karo na farko a rayuwarsa bai gwada ba, saboda daga hannunta ya fito. Ashe ta manta layin da ke cewa maimaitattu kaɗai za a goge. Cikin ƙiftawar ido ɗakunan mutum ɗari huɗu suka ɓace.

Awa biyar ya yi yana dawo da su daga ajiyar jiya. Awa biyar ɗin nan tsofaffi masu azumi suna zube a ƙofar masauki da jakunkunansu, har wata dattijuwa ta suma. Mai kula da masaukin kuwa Malam Sabo ne, mahaifin Kausar, wanda shekara talatin bai taɓa barin baƙon Allah a rana ba.

Da shugaban kamfani ya tambaya, Abdulbaƙi ya ce, "Ni na yi." Aka ce bayan Hajji za a soke iƙamarsa, wato izinin zamansa, ya koma gida.

Malam Sabo ya ce wa 'yarsa, "Halas, magana ta ƙare. Wanda ya shanya mini tsofaffi ba zai zauna a tabarmata ba. Ga Hatim ɗan ƙanwata yana jira."

Kausar ta tura wa Abdulbaƙi saƙo ya fi ashirin, babu amsa. Ta yi kuka har ta rame, ta ɗauka ya tsane ta. Shi kuwa tsoro yake kada a bi saƙonni a gano ta.

Sauran kwanakinsa bai zauna zaman makoki ba, ko da yake zuciyarsa a karye take. Ya gina tsarin da ya daɗe yana roƙon a bari ya gina. Kowane gyara, ko na layi ɗaya ne, sai ya bi hanya guda: na'ura ta gwada shi da kanta, ta ajiye kwafin rumbu, mutum na biyu ya karanta ya amince, sannan ya shiga. Ya rufe ƙofar kunnawa da hannu, har ga kansa.

Kwana tara kafin tafiyarsa ya rubuto mata: "Habibti, na gama. Ba wanda zai sake kuskure shi kaɗai a wurin nan. Ki gahwarce ni shirun da na yi. Ki zauna lahiya."

Da wayar a hannu ta sami mahaifinta bayan la'asar, ta durƙusa.

"Abuya, ni na rubuta. Shi bai yi komai ba sai yarda da ni."

 Washegari tsohon ya aika a kira yaron.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Baba, aikina ne in gwada, ban gwada ba. Kuma ni ina da gida Sakkwato. Ita nan anka haife ta, in sunanta ya ɓaci ina za ta?"

Kausar ta je wurin shugaban kamfani ita ma, amma takardar fita ta riga ta fito. Babu abin da ya canja.

"To," in ji Malam Sabo, "in na ba ka ita, ka san abin da na ba ka? Ba ta taɓa kwana nesa da Harami ba."

Daga bayan labule ta ce, "Zan bi shi, Abuya."

An ɗaura auren ranar Alhamis a falon gidan na Shisha, da dabino da gahawa, mutum bai kai ashirin ba. Hatim da kansa ya zuba wa ango gahawa. Mata suka yi guɗa, sai dai guɗar tana karyewa a tsakiya.

Ranar Asabar suka yi ɗawafin bankwana, Kausar na kuka tun zagayen farko. A bakin motar Jidda Malam Sabo ya ɗora hannunta a kan na mijinta.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba. Kakana da ƙafa ya zo garin nan daga can wajenku. Ka gaya musu tattaɓa-kunnensa ta dawo."

Ya tsaya a rana bai motsa ba, har motar ta sha kwana.