Ranar da Kwamfutar Abba Ta Ƙi Tashi

Ranar da wani matashi ya fara shigowa studiyon hoton mahaifinta, Auta na zaune gaban tsohuwar kwamfutar ɗakin baya, ta yi tagumi. Wuta ta ɗauke ta dawo, kuma kamar kullum kwamfutar ta tsaya binciken faifanta kaf kafin ta buɗe, kwastomomi na ta tsaki a benci.

Shi hoton fasfo ya kawo shi. Ya leƙo, ya dubi allon, sannan ya dube ta.

"Kullum haka take miki?"

"Duk ɗaukewar wuta. Wani lokacin ma sai in tarar hoto ya lalace."

Ya ce kula da kwamfutoci ne aikinsa. Akwai tsarin da ake sauya faifai zuwa gare shi, ba tare da an goge komai ba. "Kafin ya rubuta abu, sai ya fara ajiye bayanin abin da zai yi a gefe. In wuta ta dawo, nan kawai zai duba ya san inda ya tsaya."

"Abba ba ya barin kowa ya taɓa ta," in ji Auta.

Ba ta faɗa masa dalili ba sai daga baya. Hotunan marigayiya Ummanta na cikin faifan, na takardar kuwa ruwan sama ya cinye su shekarar da rufi ya yi yoyo.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Autar Abba, hoton ya yi kyau, amma gaskiya ba kyamara nake kallo ba."

Ta mayar masa: "Na lura, Injiniya. Shi ya sa kunnenka ɗaya bai fito ba."

Daga nan hira ta ƙi ƙarewa. Abba yana gani, amma shi hankalinsa na kan ɗan ƙanwarsa mai shagon kwamfuta, yaron da ya tashi a gabansa, shi yake so ya aura wa Auta. Da ƙyar Auta ta shawo kansa ya yarda a yi sauyin.

Injiniya ya zo ranar Asabar, ya kwafi komai a wani ƙaramin faifai, ya yi aikinsa, ya sake kunna kwamfutar. Allo ya yi baƙi, wasu rubuce-rubuce suka fito, ta tsaya cak.

Abba bai ɗaga murya ba. "Tashi ka fita."

"Abba, hotunan..."

"Ni ba Abbanka ba ne."

Ɗan ƙanwar ya zo ya duba, ya ce faifan ya mutu, gobe zai goge shi ya ɗora sabon tsari. Auta kanta ta yi fushi, ta ƙi ɗaukar waya. Ita ce ta kawo baƙo kan abin da ya rage musu na Umma, wannan ne ya tsaya mata a rai.

Sai saƙo ya shigo: "Laifina ne, Autata. Na sauya tsarin faifan, na manta ban sabunta ɓangaren da ke tayar da kwamfutar ba, shi ya sa ba ta gane shi ba. Hotunan Umma na nan, kwafinsu kuma na aljihun teburinki. Ko ba za ki sake kula ni ba, kar ki bari a goge."

Ta daɗe tana kallon wayar. Uzuri ta zata zai kawo, ko ya ɗora wa tsufan kwamfutar. Da safe ta miƙa wa Abba ya karanta da kansa.

"Ba zai taka mini shago ba," in ji Abba.

"To ni zan gyara, shi ya faɗa mini ta waya."

Haka aka yi. Injiniya na tsaye a tsallaken titi cikin rana, yana faɗa mata harafi bayan harafi, ita tana bugawa, Abba na tsaye a bayanta. Kwamfutar ta tashi.

Abba ya miƙa hannu ya kashe soket ɗin bango da gangan, ya sake kunnawa. Kafin Auta ta sauke numfashi kwamfutar ta buɗe. Ya ja kujera, ya nemo hoton matarsa tana dariya a bakin ƙofar studiyon, ya zauna yana kallonsa.

"Ce wa wancan ya shigo daga rana," ya ce a ƙarshe. "Amma gyaran kwamfuta daban, 'yata daban."

Sai da aka kusa shekara yana nazarin Injiniya. Ɗan ƙanwar ya gane inda zuciyar Auta take, ya janye da mutuncinsa.

Ranar ɗaurin auren, bayan taro ya watse, Abba ya kira su ɗakin baya. Ya kama hannun Auta ya sa a na angon.

"Mutumin da zai ce laifina ne tun ba a tambaye shi ba, zan iya ba shi amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

"Amin," suka ce tare.

Auta ta so ta yi godiya, kuka ya riga ta. Abba ya juya musu baya yana ta goge gilashinsa, ya ce su tafi haka nan, mota na jira.