Ƙwan Durgu Na Ƙarshe

Sufeto na shirin karyawa wata tsohuwa da unguwa ke kira Gwaggo ta shigo ofis, ta dire kwando a teburinsa. 'Yan tsaki ne a ciki.

"Ɗana, dubi ƙafafun nan."

"Lafiyarsu ƙalau, Mama."

"Ai ita ce masifar! Kazata durgu ce, mai gajerun ƙafafu, irin da na gada wurin uwata. Tana gama saka ƙwai zakaran irinta ya mutu. Ƙwan nan su ne na ƙarshe, ga shi ta ƙyanƙyashe mini masu ƙafa kamar zalɓe!"

Sufeto ya so ya yi dariya, da ya ga ƙwalla a idonta sai ya haɗiye abarsa. An musanya ƙwan ke nan, in ba a same su ba kuwa irin ya ƙare.

A akurkin Gwaggo ya tsugunna ya juya ɓawon ƙwan. Kowanne da ɗan jan tambari irin na gidan gona. Kazar ta kai masa sara, da ƙyar ya tsira da yatsa.

"Haka take yi wa kowa in tana kwanci," in ji Gwaggo, har da alfahari.

Maƙwabciya ta rantse ba ta taɓa leƙa akurkin ba. Da aka matsa, ta amsa takan ɗebi kashin kaji don lambunta, kuma ta ga mijin 'yar Gwaggo, mai gidan gona, ya zo gaisuwa da kiret ɗin ƙwai a bayan babur.

A gidan gonar surukin ya tarbi Sufeto da Gwaggo da fara'a, hannunsa na dama cikin aljihu.

"Ni da akurkin surukata, Yallaɓai? Ina kunya ta tafi?"

"To ba ni hannu mu gaisa."

Bayan hannun duk tabon sara ne.

"Ƙusa ce, Yallaɓai."

"Ƙusa mai baki? Buɗe ɗakin can."

Gefen injin ƙyanƙyasa ga kwali, cikinsa 'yan tsaki na tafiya ciki na shafar ƙasa. Gwaggo ta durƙusa tana guɗa tana kuka lokaci guda.

"Ni ne," in ji surukin, kai a ƙasa. "Na roƙa ta hana ni ko ɗaya. Kazar ta tsufa, na ji tsoro kar ta tashi ta bar su."

"Shi ya sa ka yi shiru bayan sun fito?" in ji Sufeto.

"Na so a ce a gonata kaɗai ake samunsu."

Sufeto ya juya. "Mama, mu kai shi kotu?"

"Uban jikokina? A'a. Ku sake shi, ni zan je in gaya wa matarsa."

Surukin ya miƙa wa Sufeto hannu biyu da sauri.

"Yallaɓai, don girman Allah, sa mini ankwa mu tafi."

Sufeto bai hana shi ba.