Tsumman da Gawo Ya Haɗiye

"Ba zan sa hannu ba."

Mansura ta tura takardar ta koma gaban Sufeto Gazali. Zubairu, ƙanen mahaifinta, da ke zaune kusa da ita a komisariyar 'yan sandan Mayahi, ya juyo kamar an taka masa ƙafa.

"Ke, umarni nike ba ki. Sa hannu mu tahi."

"Baba, takardar ta ce na shaida Bube ne ya sare iccen gonarmu. Ban gani ba. Kwanana uku a Maraɗi, ina jinyar Inna."

Sufeto ya sake duba ƙarar. An sare itatuwa goma sha bakwai a gonar marigayi Malam Sale, mahaifin Mansura, a ƙauyen Tudun Kalgo. Mutanen gari sun riga sun kamo Bube makiyayi, sun kawo shi ɗaure a amalanke. Sa hannun mai gona kaɗai ya rage.

"Ranka shi daɗe, karatun lakwal ne ya ɓata ta," in ji Zubairu. "Kowa ya san aikin masu shanu ne."

"Ni ban sani ba tukuna," in ji Sufeto. Ya ɗauki makullin mota.

Gonar tana nan kore a tsakiyar rani, sauran gonaki kuwa fetal kamar tafin hannu. Shekara ashirin ke nan da Malam Sale ya daina sassabe toho. A kowane kututture yakan bar reshe biyu mafiya ƙarfi, ya riƙa yi musu aski har su miƙe. Mansura ta yi karatun noma ta dawo ta ci gaba. Rassan da aka datse su ne itacen girki na sayarwa, 'ya'yan gawo kuma na masu kiwon raguna. Babban itace ɗaya ko biyu kawai take sarewa a shekara. Da haka gidan yake ci ko damina ta yi gardama.

Yanzu gefen gabas ya zama fili. Mansura ta tsaya, ba ta yi kuka ba.

Sufeto ya tsuguna. An sare itatuwan tun daga gindi, an kwashe gumaguman. Ganye da 'ya'yan gawo kuwa ga su nan zube suna bushewa. Ya zagaya bai ga sawun saniya ko ɗaya ba, sai sawun tayar amalanke.

"Makiyayi ya kayar da gawo a watan huɗu, ya bar ganyen a ƙasa?"

"Wataƙila an firgita shi ne," in ji Zubairu.

"Kwana uku ana firgita shi?"

Da suka koma Mayahi ya sa aka fito da Bube. Dattijo ne siriri, igiya ta bar masa zane a wuyan hannu.

"Ka je gonar a makon nan?"

"Aradu ban je ba."

"Ina shanunka ke kwana da rani?"

Bube ya sunkuyar da kai. "A gonar. Tun zamanin Malam Sale. Su bar taki, ni in kaɗo 'ya'yan gawo da sanda."

"To don me ka ce ba ka je ba?"

"An ce in kwashe shanuna in yi arewa, ɗiyar Malam Sale ba ta son su kuma. Na dawo neman ɗan maraƙi, na tarar ana lodin icce."

"Wa ya ce ka kwashe? Wa ke lodi?"

"Ranka shi daɗe, kai kana Mayahi. Ni a rijiyarsu nike shayarwa."

Sufeto bai matsa masa ba.

Washegari Mansura ce ta zo da kanta, hannunta baƙi ƙirin da toka.

"Jiya ba ka duba ƙarƙashin yashin ba, Sufeto. Zo ka gani."

Ya je ya gani. An tara kashin shanu da kara a kan kowane kututture, an cinna wuta, sannan aka rufe da yashi.

"Mi wannan ke nufi a wajenku?" ya tambaye ta.

"Kututture in an bar shi tohowa yake. Ɓarawon icce yana son ya toho, don ya dawo baɗi. Wanda ya tsaya ya ƙona shi ba icce yake so ba. Fili yake so."

"Wa zai so fili babu kututture?"

"Mai noma da tarakta. Kututture na karya garma." Ta dubi rufin gidajen ƙauyen. "Kwana uku ana sara da rana tsaka, hayaƙi na tashi. Duk garin nan babu wanda ya gani."

Daga nan suka nufi kasuwar itace ta Mayahi. A rumfar wani mai sayar da itace, Alkasim, suka tarar da gumagumai miƙaƙƙu, an ɓare ɓawonsu.

"Daga ina?"

"Daga dajin Issawane. Can na saye."

"Ina takardar 'yan gandun daji?"

"Tana gida."

Mansura ta shafa gungume ɗaya. "Daji ba ya haifar icce miƙaƙƙe haka. Dubi tabon aski, taki ɗaya tsakanin kowanne." Ta bi shi da yatsa har kusa da gindi, ta tsaya a wani kumburi. "Sufeto, ara mini wuƙarka."

Ta tsaga wurin. Wani shuɗin zare ya leƙo daga cikin naman itacen.

"Tsohon zanen Inna ne. Duk reshen da mahaifina ya zaɓa yakan ɗaura masa tsumma, don masu kiwo da masu icce su san yana da mai shi. Iccen ya girma ya haɗiye tsumman."

Sufeto ya juya ga Alkasim. "Dajin Issawane ma zane yake ɗaurawa?"

Alkasim ya share zufa. "Ni sayar mini aka yi. Malam Zubairu ne. Ya ce gonar gidansu ce."

A komisariya Sufeto ya ajiye guntun itacen a gaban Zubairu, zaren na reto. Zubairu ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ka yi wa alkawarin filin?"

"Wani ɗan kasuwa daga Tasawa. Gyaɗa zai noma. Ya ce sai in babu icce." Ya ɗaga murya. "Gonar ubanmu ce. Yaya ɗiya mace za ta riƙe ta tana kiwon icce kamar awaki?"

"Rabon gado ya ba yayanka ita, kai ma an ba ka taka. Bube fa?"

"Kwana biyu zai yi a sake shi. Sun saba."

"An saba musu dai," in ji Sufeto. Ya yi wa ɗan sanda alama.

Da za a wuce da shi, Zubairu ya tsaya a gaban Mansura. "Kin ɗaure ubanki saboda icce."

"Saboda Bube, Baba. Iccen ka riga ka kashe shi."

Bayan wata biyu Sufeto ya biyo ta Tudun Kalgo. Ruwa ya sauka, ko'ina ana shuka. A gonar Malam Sale ya ga Mansura ita kaɗai, tana ɗaura shuɗin tsumma a jikin wani ɗan toho.

"Nawa suka tashi?"

"Huɗu cikin sha bakwai."

"Mutanen gari fa?"

"Na kira gayya, ba wanda ya zo. An yi suna gidan maƙwabta ba a gaya wa Inna ba. Bube ya kwashe shanunsa ya koma arewa, ya ce ba ya iya shan ruwan rijiyar nan kuma, don haka bana babu taki." Ta ƙulle tsumman ta miƙe. "Sa hannu ɗaya da na ƙi, ya ci mini baffa, ya ci mini gari. Waɗannan huɗun kuma sai na kai shekara arba'in da biyar kafin in zauna inuwarsu."

Ta yagi wani tsumman ta nufi kututture na gaba.